Kiran Gidanmu a Cikin Hazo

Ranar Juma'a 'yata Hauwa ta miƙo mini waya a ɗakinmu na unguwar Manfuha a Riyad. Hotunan ƙauyuka ne a kan iyakar Italiya da Suwizalan: gidajen katako, shanu masu ƙararrawa, mutane suna sulu a kan ƙanƙara. Can kafil ɗina, mai gidan da nake wa tuƙi, ya tafi hutu da iyalinsa.

"Baba, shuf, duba! Akwai wuri irin wannan a duniya?"

Na ce, "Cire ƙanƙarar, garinmu ke nan."

Ta yi dariya. "Kai da ka ce mana daji ne, babu abin gani?"

Haka na faɗa musu, shekara da shekaru. Haushin kaina ya kama ni.

A saman dutsen Mambila aka haife ni, dab da iyakar Kamaru. Sanyin wurin ba ya barin kowa a waje bayan magariba. Kakata, Iya, takan hura wuta a tsakar ɗaki, ta jera masara a gefen garwashi, hayaƙi yana sa mu hawaye. Sai ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe. Kai Sale, janye ƙafarka, ba kai zan gasa ba."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta mutumin da ya sauka dutse sayen gishiri. A wurinmu, idan farin hazon damina ya rufe hanya, kowane gida yana da kiransa. Matafiyi zai yi na gidansu, a amsa masa, ya bi muryar har ƙofa. Uwar mutumin ta ce ya riƙa yin kiran a hanya kada ya manta. Ya ce dutse ba ya zuwa ko'ina. Ƙasa ta yi masa daɗi, ya zauna har furfura. Ranar da ya hawo, hazo ya rufe. Ya buɗe baki, babu kira. Ya yi ta kewaya gidansu, yana jin ƙanshin tuwo, bai ga ƙofa ba.

"Iya, ya shiga daga baya?"

"Yana nan yana yawo. To, ku yi mini namu in ji."

Mu yi ta ƙwala shi har karnuka su ɗauka.

Hutu nawa na samu tun zuwana Riyad? Kowanne a Kano na ƙare shi, ina cewa hanyar dutse da wahala, sai baɗi. Iya ta rasu ban hau ba.

Da na gama ba Hauwa labarin, ta ce, "To yaya namu kiran yake?"

Na buɗe baki. Babu komai.

Na buga wa yayata Saude, ita kaɗai ta rage a gidanmu na Mambila, tana kwance tun bara. Da ƙyar muryarta ke fita. "Sale, ba a koya shi ta waya. Ka hawo."

Ba zan fita daga ƙasar ba sai kafil ya sa hannu. Na aika masa saƙo sau uku. Ya turo hotonsa a kan ƙanƙara, a ƙasa ya rubuta, "Ba'adain, in sha Allah."

Na san wannan amsar: sai daga baya. Ita na yi ta ba Iya. Da ina yaro na ɗauka mutumin gishiri wawa ne. Bai yi wauta a rana ɗaya ba, ɗagawa kawai ya yi ta yi. Jakata tana bakin ƙofa a ɗaure, Hauwa ta ɗora tata a kai. Allah Ya sa mu iske mai amsa mana.