Butar Shayin Kawu

Lokacin da muke karatun digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki, malamanmu sun cika mana kunne da ayyukan da ke jiranmu. Wai asibitoci za su yi rububinmu, haka ƙungiyoyin ciyar da yara da masana'antun abinci, wanda ya ga dama kuma ya koyar. Na gama na koma gida Damagaram, na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya suɗe. A ƙarshe ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa yana tuƙa manyan motoci tsakanin Agadas da Sabha, ya aiko a kai ni wurinsa can Sabha. Ya samo mini gurbi a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Jadid. Aikina in zaunar da masu ciwon sukari da mata masu ciki, in gaya musu abin da za su ci da Larabcina na kame-kame. Su ce to, su fita su ci abin da suka saba.

Majinyacin da ya fi gajiyar da ni kuwa a gida yake. Kawu ya ajiye tuƙi don ciwon sukari ya taɓa masa ido, ga wani miki a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne tabarmar ƙofar gidansa a unguwar Gurda. Bayan la'asar tsofaffin direbobi da 'yan kasuwa ke taruwa a nan, Buzaye da Hausawa da Larabawan gari, a hura gawayi a ɗora shayi. Zagaye uku ake yi, ana ɗaga buta ana tsiyayawa har kumfa ya tashi, na ƙarshen a zuba masa gyaɗa. Sukarin da ake narkawa a ciki, in na gani sai kaina ya sara.

Na san raba shi da shayi ba zai yiwu ba, sai na sayo masa wata 'yar buta, tasa shi kaɗai, wadda ba a sa mata sukari.

Na ce, "Kawu, ƙafar nan in ba ku yi hankali ba yanke ta za a yi. Ku sha wannan, su su sha nasu."

Ya ce, "To, Likita." Haka yake kirana in yana jin tsokana.

Ya bi maganata, mikin ya fara kamewa, ni kuma na fara jin karatuna bai tafi a banza ba. Ashe mutanen da suka ƙetare sahara tare, buta ɗaya suke sha. Wanda ya ware tasa, ko dai yana ɓoye wata muguwar cuta, ko yana ƙyamar bakin 'yan'uwansa, ko kuma yana tsoron a barbaɗa masa wani abu. Kawu ya yi musu bayani, suka ce Allah ya sawwaƙe. Bayan idonsa suka ce ai rabinsu ma suna da sukarin, wa ya taɓa ware buta? Ba faɗa ba zagi, ɗaya bayan ɗaya suka zame, suka koma ƙofar wani mai faci a can ƙarshen layi.

In na sauko daga mota da yamma, sai in tarar da shi shi kaɗai yana fifita gawayi, dariyarsu tana iso masa daga nesa. Ya rame fiye da lokacin da ciwon ke cinsa. Wata rana ina wanke masa mikin ina yaba yadda ya yi kyau, sai ya dube ni.

Ya ce, "Ƙafa ta yi sauƙi, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. To ina zan je da ita?"

Washegari ya ɗauki sandarsa ya taka har wurin mai faci, ya zauna, ya karɓi kofi daga butar kowa. Na yi fushi, na yi magiya, na haɗa shi da Allah, har na kira mahaifiyata ta yi masa magana. Daga baya na gaji. Ban haƙura ba, ƙarfin faɗan ne ya ƙare mini.

Kafin shekara ta zagayo aka yanke yatsan, bayansa ƙafar ta bi. Ran da aka sallamo shi suka zo gaba ɗayansu, har waɗanda ban taɓa gani ba, suka cika tabarma suka ƙaro wata. Na daɗe ban ji muryarsa ta tashi haka ba. Babbansu, wani dattijon Buzu, ya miƙo mini abin dubiya, ganyen shayi da ƙaramin buhun sukari, yana cewa a yi haƙuri ba yawa. Kawu ya sunkuyar da kai bai kalle ni ba. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.