Manzo Mai Injin Ɗaga Kaya

A zamanin mulkin soja, lokacin da ake ta gine-gine a Yamai, Manzo ya bar Filinge ya tafi leburanci. Aikinsa kwaɓa siminti ne, amma idonsa kullum yana kan injin ɗaga kaya, dogon ƙarfen nan mai ɗaukar rodi kamar tsinke. Bai taɓa hawansa ba. Kallo dai ya sha.

Da aiki ya tsaya a shekarar fari, ya komo gida ya kafa rumfar gyaran fitila da rediyo a bakin kasuwa. In babu ciniki sai ya yanka gwangwanin madara, ya lanƙwasa wayar keke, yana ƙera ƙaramin injin, tsawon kamu ɗaya. Na farko da ya ɗauki dutse sai ya kife. Manzo ya tuna da tubalan simintin da ake ɗora wa babban a baya, ya ɗaura masa dalma, ya tsaya daram. Abin da ya gagare shi shekara da shekaru shi ne faifan nan mai haƙora da ke naɗe igiya. Da hannu yake goge shi, haƙoran ba sa zuwa daidai, kaya sai su zame.

Ɗiyarsa Habsa ta yi lakwal, wato boko, ta karanci zanen injuna a Yamai. Wani hutu ta zo da faifai na roba.

"Baba, a kwamfuta na zana shi, na'ura ta narka roba ta hiddo shi."

Ya juya shi a tafin hannu. "Roba? Ranar ƙasarmu ta Kurfai mai zafin nan ba ta san shi ba tukuna."

Ranar kasuwa injin ya ɗaga rabin bulo bai zame ba, har masu awon hatsi suka bar tiya suna kallo. Kafin la'asar faifan ya yi laushi ya karkace. Habsa ta koma ta sake irin robar, ta ƙara masa kauri, wannan bai karkace ba.

Yanzu idon Manzo ya rage. Ita take zanawa ta buga ta aiko a mota, shi kuma ya harhaɗa da lalube. Bara wani maginin rijiya daga Damana, Kailu, ya zauna ya duba ɗaya daga cikin ƙananan injinan da kyau, ya sa aka ƙera masa babba na ƙarfe. Da shi yake fid da ƙasa daga rijiya.