Dokar Hula a Tagar Kati

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Har gobe Talatar nan ba ta fita daga raina ba.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina yankan kati a wani ƙaramin asibiti tsakanin Gaya da Ajingi. Ga wanda bai san tsarin ba: a sama akwai incaj, wato shugaban asibiti, sai ungozoma Sista Rabi, sai mai ba da magani, sai ni a taga. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ba mai ganin Sista sai da katina, don haka a ganina ni ne kwamishinan lafiya.

Da aka ware Talata don tazarar haihuwa, sai na ga mata suna zuwa su kaɗai. Mazan kunya ba ta barinsu shiga layin mata, da yawansu kuma ba sa rubutu balle su aiko da takardar izini. Sai na kafa doka, ba wanda ya sa ni: mai son katin tazara ta zo da hular mijinta, shaidar ya yarda. In karɓi hula, in jujjuya, in jinjina kai, in rubuta.

Rannan wata Hadiza ta zo daga wajen Kademi. Haihuwarta takwas, a ta ƙarshe jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka ceto ta. Sista ta ce wani cikin nan kusa zai iya tafiya da ita. Mijinta yana cirani a Kudu, saura kwana goma ya dawo noma.

"Ina hula?"

"Baba, tana kansa. Mun yi waya, shi ya ce in zo."

"Waya ba hula ba ce."

Ta juya ta tafi ba kati. Talata ɗaya ta rage mata kafin ya dawo. Satin nan ban iya zama wuri ɗaya ba, in gyara katuna, in sake watsa su, ina ce wa kaina doka doka ce.

Ran Alhamis sai ga Hajiya Laraba, tsohuwar malamar makaranta, shugabar wata ƙungiyar mata da ke bi gida gida suna cewa mace na da haƙƙi a kan lafiyar jikinta.

"Malam Sule, a wane littafi ka ga dokar nan?"

"Hajiya, wannan ba littafi ba ne, ƙwarewa ce."

"Daga Indiya har Kenya har Birazil mata wannan faɗan suke yi, amma ban taɓa jin inda aka sa hula a ciki ba sai wajenka."

Na ɗauka yabo ne, har godiya na yi.

Talata da hantsi adaidaita uku suka tsaya, mata suka firfito. Hajiya ta dire faifai a tagata cike da huluna: zanna, dara, har da ta sanyi. Ta jawo hannun Hadiza.

"Bismillah, zaɓar mata miji."

Hayaniya ta fito da incaj, wanda bai taɓa jin dokar ba.

"Malam Sule, wa ya sa ka?"

"Ranka ya daɗe, gudun fitina."

"Aikinka suna, shekaru, gari. Sauran tsakaninta da Sista ne. Rubuta."

Na rubuta, Hadiza ta karɓa ta shige ba ta ko waiwayo ba.

Ku da kuke taga yanzu, ku riƙe wannan: kati hanya ce, kada ku mai da shi gini. Amma ba incaj ne ya gama koya mini ba. Ina ɗago kai sai ga maiɗakina Uwani a gaban layi, mai 'ya'ya bakwai, riƙe da hulata ta Juma'a da na kwana biyu ina nema.

Na yi ƙasa da murya. "Ke kuma wa ya ba ki izini?"

Ita ba ta yi ƙasa da tata ba. "Malam, ai kai ka ce hula ce miji. Na tambaye ta, ba ta hana ba. Kuma ranar da aka fita da ni a sume wajen haihuwar Auta, ban ga ta zubar da jini ko ɗigo ba, balle kan da ke cikinta. Rubuta, mutane na jira."