Wayar famfon Kawu

Shekarata ta biyu da fara koyar da kimiyya a Talata Mafara, na je hutu gida Bakura lokacin noman rani. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya sa famfon sola a gonar albasarsa, amma ruwan da yake turowa bai kai ya cika kwami biyu, wato fangalin da ake dasa albasa a ciki, kafin azahar ba. Bayan mun gama gaisuwa, an tambayi gida da makaranta da gajiyar hanya, sai ya ce, "Ɗiyata, an ce ke ka koya ma yara sha'anin wuta. Ki zo ki gane man abin ga."

Ni dai a allo kawai na san aikin. Duk da haka na aro mitar awon wuta wurin wani mai gyaran rediyo, muka tafi fadama da hantsi.

Farantan solar suna kan tudu kusa da bukkarsa, famfon kuma yana can bakin rijiya, wajen taku sittin. Wata siririyar waya ce ta haɗa su. Na taɓa ta, na ji ɗumi. Na auna ƙarfin wutar a gindin farantan, bolt ashirin da huɗu. Na gangara wurin famfo, ashirin. Sannan na kwance waya ɗaya na saka mitar a tsakani don in ga yawan wutar da ke gudana, ta nuna amfiya takwas.

Na tsuguna na yi lissafin a ƙasa da tsinke. Bolt huɗu sun ɓace a hanya. Huɗu a raba da takwas, turjiyar wayar rabin om ke nan. Huɗu sau takwas kuma, wat talatin da biyu suna tafiya a ɗumama waya kawai, famfo yana samun ɗari da sittin.

Kawu ya daɗe yana kallon lambobin. "Mi suka ce?"

Na fara yi masa bayani irin na aji, na ga ban kama hanya ba. Sai na ce, "Kawu, wayar ce ta yi tsawo, ta kuma yi siriri. Wutar tana gajiya kafin ta iso."

"To, kamar ƙaramar hanyar ruwa ce. In ta yi nisa, ƙasa ka shanye rabi."

"Haka ne. Sai a sayo mai kauri."

Ya girgiza kai. "Mi za a sayo? A ɗauko farantan a kawo su nan."

Ni kam wannan bai zo mini ba. Tare da maƙwabcinsa muka kinkimo su, muka kafa a gefen rijiya, muka yanke wayar ta koma taku biyar. Da na sake aunawa, abin da ke ɓacewa bai kai rabin bolt ba. Ƙarar famfon ma ta sauya, tiyon da ke kai ruwa gona ya cika ya miƙe.

Kawu ya ɗauki fartanya ya shiga buɗe wa kwamaye hanya. Da zan koma bakin aiki ya aiko mini da albasa kwando guda, da saƙon in zo in duba na maƙwabcin, shi ma wayarsa tana zafi.