Agogon da ke Kusurwar Bidiyon Kawu

Lokacin ina Gabon, a unguwar Nkembo, wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai butik na shinkafa da man gyaɗa. Ni ban iya zaman kanti ba. Tun da na bar makaranta na yi karen mota a layin PK8, na yi gyaran waya, na bari. Sai na ɗauko wata tsohuwar kyamarar bidiyo a kasuwar Mont-Bouët wurin wani ɗan Ibo, wai zan riƙa ɗaukar biki da suna.

Ban ɗauki ko ɗaya ba kawu ya yi hatsari a hanyar Ntoum. Karaya ce a hannu, sai haƙora biyu da suka fita. Amma kafin labari ya isa Kano ya zama mutuwa. Ya kira kakata ta waya, ta ji magana tana fita wani iri, ta ce wannan ba muryar ɗanta ba ce. An aika hoto, ta ce haka aka yi wa maƙwabciyarta, aka yi ta nuna mata tsofaffin hotuna alhali ɗan ya daɗe a ƙasa. Mahaifiyata ta ce tsohuwa ta daina cin abinci, sai koko, shi ma da lallashi.

Kawu ya ce in ɗauke shi yana magana, kuma lallai ranar da lokacin su fito a jikin hoton, kada ta ce na bara ne.

Nan aiki ya tsaya. Na kunna, kusurwar hoton babu komai. Rubutun cikin kyamarar duk Faransanci ne, ni kuma nawa na tasha ne. Na koma wurin mutumin. Da Turancin Broka ya nuna min maɓallin da ke fito da lambobin, sai ga wata shekara da ko Gabon ban zo ba. Ya ce ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, ba shi da irinsa. In na saita, kada in kashe, ina kashewa zai koma can baya.

Ranar, bayan cin abincin rana, na saita da agogon hannun kawu. Saitin ya ci min rai, na yi ta ɓata ina sakewa. Da ya zauna na ce masa, “Kawu, in mun fara babu tsayawa fa.”

Ya ce, “Kai ne ba ka iya tsayawa wuri ɗaya, ɗauki kawai.”

Ya zauna bakin butik, hannu a rataye. Ya gaishe da kakata, ya buɗe baki ya nuna giɓin, ya miƙe ya zaga don ta ga ƙafafu lafiya. Sai ya shiga gaishe da dangi ɗaki-ɗaki, har da na ƙauye. Aka kira azahar a masallacin bayanmu, ya dube ni, na girgiza kai, ya ci gaba. Maƙwabta suka dawo daga salla suka shigo hoto, kowa da gaisuwar da zai aika. Ruwa ya sauko muka matsa ciki, kyamara na ta ɗauka. Sai da kaset ya ƙare muka yi alwala.

Wani ɗan kasuwa mai tafiya gida ya kai kaset ɗin. Aka sa mata a talabijin ɗin maƙwabta, ƙanwata na karanta mata lambobin. Mahaifiyata ta ce tsohuwa ta kalla har ƙarshe, ta sa aka maimaita, ta tambayi ƙarfe nawa ne lokacin da aka ji kiran salla, ƙarfe nawa ne kuma a ƙarshe.

Da muka kira, ni ta nema.

“Kai, mijin banza, kai ka riƙe abin?”

“Ni ne, amarya. Kin ga ɗanki ko?”

“Na gan shi. Na kuma ga an kira salla yana zaune yana zuba har agogo ya kusa la'asar. Allah ya fitar da shi daga mota, abin da zai saka da shi ke nan? Ba ni shi.”

Na miƙa wa kawu. Ya daɗe yana “to, Inna, to, Inna,” yana watsa min harara. Daga nesa nake jin ta katse faɗan, tana ce wa wani a ƙara mata miya.