Sunan 'Yar Fari a Katin Asibiti

Masaƙar da na yi wa aiki a Bompai tana da ɗan asibiti a bayan ofis, fes-fes, har da fanka. Shekara da shekaru na manyan ma'aikata ne da iyalansu. Mu leburori, in inji ya yanke ka a ɗaure maka, amma in ɗanka ne ba lafiya sai ka kama hanyar asibitin birni ka yini a layi. Sai da ƙungiyar ma'aikata ta kai ruwa rana da masu kamfani kafin aka yarda a ba mu kati, mu da matanmu da 'ya'yanmu.

Ranar cike kati, akawu ya ce in faɗi sunayen yarana. Ga abokan aiki a bayana sun baza kunne. Na faɗi na biyu, na faɗi na uku, na ja bakina. A ƙauyenmu mutum ba ya kama sunan ɗan fari, balle a bainar jama'a. Shekarar 'yar farin tawa bakwai, ban taɓa kiranta da komai ba sai "ke". Na fito ina hura hanci, wai na yi abin mutunci.

Da damina zazzaɓi ya kama ta, kwana uku, har ta fara sambatu. Na ɗoro ta a keke daga gidanmu a Dakata, uwarta na biye da mu a ƙafa. Nas ɗin, wata Bayarabiya mai tabarau, ta juya katin gaba da baya.

"Malam, yara biyu ne a nan, duk maza. Wannan 'yar wa ce?"

Na sunkuyar da kai. Uwarta ta ja mayafi ta rufe baki, don kunyarta ta fi tawa.

"In 'yar maƙwabta ce ba ni da iko," in ji nas. "Sai ku kai ta birni."

Tsoro ya kama ni. Birni da nisa, ga jikin yarinya kamar garwashi. Dattijon da ke ba da magani ya leƙo ta taga, kallo ɗaya ya gane.

"Sista, 'yar fari ce," ya ce. Sannan ya dube ni. "Kai kuma nan ba gaban surukai ba ne. Faɗi a rubuta."

Na faɗa can ƙasa-ƙasa. Nas ta ce ba ta ji ba, kuma har yau ina zargin ta ji sarai. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta rubuta, ta karɓi yarinyar, aka yi mata allura aka kwantar da ita ƙarƙashin fankar nan ta manya.

Kafin la'asar gumi ya keto mata, ta nemi koko. Na zauna a benci ina ta hamdala don daɗi.

A hanyar gida tana bayan keke, ta riƙe rigata. Mun kusa Dakata na ji muryarta.

"Baba, ashe kun san sunana?"