Rake, Maganin Shawara

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ba don na ƙure malamai ba ne. Daga nan sai aikin soja. Da aka ga yadda nake riƙe bindiga, sai manya suka yanke cewa ƙasa za ta fi zama lafiya in aka kai ni asibitin bariki. Can na ƙare, a ɗakin waɗanda kansu ya ɗauki zafi, ina shimfiɗa gado, ina miƙa ƙwaya, ina tsaye bayan likita. Abin da na lura da shi, rabin aikin mutumin nan shi ne ya zauna ya yi shiru wani ya yi magana. Na ce a raina in dai shiru ne ai ni ma zan iya, ko da yake matata har yau ba ta yarda ba.

Da na yi ritaya da muƙamin saje na dawo Zuru, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari ana hawa tudu neman sabis, sai na kama ɗaki a bayan tashar mota. Benci ɗaya, kujera ɗaya, randa da moɗa. Ba na allura, ba na ba da ƙwaya. Wanda abinsa ya fi ƙarfina in ce a kai shi asibiti, in ta kama in raka su. Nawa dai in zaunar da mutanen gida su ji juna, domin a garinmu kusan kowane gida akwai soja, kuma ba duk wanda ya dawo da ƙafafunsa biyu ne ya dawo duka ba.

Na sa mai fenti ya rubuta mini allo da manyan baƙaƙe: ƊAKIN SHAWARA. Na ja da baya na duba, na ji na kai matsayin da ya kamata a riƙa sara mini.

Waɗanda suka fara zuwa wata tsohuwa ce daga Kanya da ɗanta magidanci, idonsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ta ce, "Baba, mun ga allo." Bayansu wani ya zo, shi ma ido rawaya. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Mu da Hausa ta same mu bayan yaren gida, shawarar da muka fi sani ita ce ciwon nan mai rina ido. Ta baki kuwa kowa na ba da ita kyauta a bakin kasuwa, wa zai kama mata ɗaki? Na yi ta tura masu rawayan ido asibiti. Matata ta ce in canja allon. Na ce Saje ba ya ja da baya.

Ana haka wata mata ta shigo, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ta duba bayanta kafin ta zauna. Mijinta kofur ne, an tura su aikin kwantar da tarzoma wata ƙasa, ya dawo ya ajiye aiki. Tun dawowarsa ba ya barci, ba ya magana, ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Ranar da kwano ya faɗi a tsakar gida ya kwanta rub-da-ciki a gaban 'ya'yansa. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke cewa da an gama girbin dawa za a kai shi wurin wani mai magani can wajen Sakaba, inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa, a ɗaure su a turke.

Ta ce, "Baba, mutumin nan ya yi wa ubana noman golmo, noman neman aure, shekara da shekaru kafin a ba shi ni, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ba zan tsaya a ɗaure shi kamar akuya ba."

"To ki kawo shi, 'yata."

"In ya ji wurin masu taɓin hankali ne ba zai zo ba. Yayansa ma ba zai bari ba, zai ce an tona asirin gida." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Amma allonka bai ce haka ba."

Na dube ta na ce lallai an yi asarar hafsa a kasuwar hatsi.

Ranar kasuwa ta kawo shi. Dogo ne, ya rame, ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga kusurwoyin ɗakin da ido. Na janye bencin na manna shi da bango, ta yadda zai ga ƙofa, ya zauna. Na sallami matar. Na sa tabarau, wanda ba ya ƙara mini gani amma yana ƙara mini ilimi, na ja fatar idonsa ƙasa na leƙa.

Na ce, "Kofur, idonka ya fi nawa fari. Ba zan yi maka ƙarya ba. Shawara iri biyu ce, ta ido da ta baki. Ta ido ba ka da ita. Ta baki ita nake yi a nan."

Ya daɗe yana kallon randa. Sannan ya ce, "Na sani, Saje. Ina da madubi."

"To me ya kawo ka?"

"Ta yi kuka."

Kowa ya san mai ciwon shawara rake ake ba shi ya sha, don haka na riga na sayo guda a tasha saboda masu leƙe. Na karya na miƙa masa rabi, na zauna gefensa a kan bencin, mu biyu muna fuskantar ƙofa. Muka sha rake har ya ƙare. Ya tattara ɓawonsa da tukarsa tsaf, aikin soja, ya tafi.

Haka muka riƙa yi duk ranar kasuwa. Rake yana da wata baiwa da ban ga likita ya rubuta ba: mai shan sa ba a sa ran ya yi magana, kuma ba ya kallon kowa sai gaɓar da ke hannunsa. Tsakanin gaɓa da gaɓa kalma takan faɗo. Farko zancen abincin bariki ne, da wani hafsa mai ƙaramar murya. Daga baya ya zo kan wata gada, da abokinsa da suka canja wurin tsayuwa da shi saboda rana ta dami Kofur. Abokin bai dawo ba. Abin da ya ce bayan wannan nasa ne, ba zan sa shi a takarda ba. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, an riga an cika masa kunne da haƙuri. Na dai miƙa masa wata gaɓar.

Maganar barci na ce masa ta fi ƙarfin rake, na raka shi asibiti likita ya duba shi ya rubuta masa abin da ya dace. Matar kuma nakan zaunar da ita daban in gaya mata yadda za a bi da shi. Kada a zo masa ta baya. Yara su yi sallama tun daga nesa. In ya fara magana kada ta ce "bar tunawa," ta ci gaba da tsince shinkafarta tana ji.

Aka gama girbi. Wata safiya sai ga yayan a ƙofata, da hula a karkace, Kofur da matarsa a bayansa. Ya riga ya yi magana da direban bas mai zuwa Dirin Daji, can wajen Sakaba, motar na tasha tana lodi.

"Kai ne mai maganin shawara?"

"Haka allo ya ce, ranka ya daɗe."

Ya juya ya kama fuskar ƙanensa, ya ja fatar idon da babban yatsa. "Wannan idon fari ne tas!"

"To ka ga aiki ke nan."

Matar ta rufe baki da gyale. Yayan bai yi dariya ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san abin da ke damun ƙanensa, kuma ba don ƙiyayya zai kai shi ba. Shi ya goye shi yana ƙarami. Tsoronsa kada wata rana ya ji wa kansa ko yaran ciwo. Na ce tsoronsa gaskiya ne, ya zauna mu yi magana a kai. Ya ƙi zama.

Sai Kofur ya yi magana, da yaren gida, wanda rabon da yayan ya ji shi daga bakinsa tun kafin tafiyarsa. Ya ce, "Yaya, kaina ne ba lafiya, ba idona ba. Ina shan maganin asibiti, ina barci kaɗan-kaɗan. Nan kuma ina faɗin abin da na gani. In ka ɗaure ni zan koma can gadar, ba zan sake fitowa ba. Ka ba ni gonata ta bayan dutse, ka riƙa zuwa kana duba ni."

Yayan ya tsaya kamar an dasa shi. Kwandasta ya leƙo yana buga ƙofa, wai mota ta cika saura su. Ba tare da ya juya ba yayan ya ɗaga masa hannu ya ce motar ta tafi. Sannan ya zauna a bencin, ya cire hula, ya dube ni a fusace.

"Raken naku ya ƙare ne?"

Bai ƙare ba. Na karya uku. Matar ta ce ita haƙoranta ba na wasa ba ne, ta koma wurin hatsinta.

Kofur ya noma gonar bayan dutse a daminar da ta biyo baya. Bai warke kamar an share allo ba. Har yanzu in Kirsimeti ta zo yara suka fara fasa abin wasan nan mai ƙara, gona yake tafiya ya wuni. Amma ƙafarsa ba ta taɓa ganin mari ba. Ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa, wani lokaci da yayan, wanda ya ce shi rakiya kawai yake yi, ko da yake ya fi kowa magana.

In ya wuce ta tasha a kan babur yakan rage gudu ya ce, "Saje, a duba mini ido!" Ni kuma in sa tabarau daga inda nake zaune in ce da saura, ya dawo ranar kasuwa, kuma wannan karon shi zai sayo raken.